Yadda za ka zaɓi inshorar jirgin ruwan da ke ɗaure a tsakiyar ruwa, kai kuma kana Kano

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shigo da kwantena daga Sin ko Dubai zuwa Kantin Kwari ya san inshorar teku, tunda banki ba ya buɗe Fom M, wato fom ɗin shigo da kaya, sai an kawo takardarta. Amma waccan ta kaya ce, aikinta yana ƙarewa da zarar kaya sun iso. Inshorar jirgin kansa daban take. Mutanenmu da suka mallaki jirgin shaƙatawa a Legas, da waɗanda 'ya'yansu suka saya a Ingila, har da mai ƙaramin jirgi mai inji a dam ɗin Tiga, da yawansu sukan duba farashi su sa hannu, ba su karanta layin da zai raba gardama ranar da tsautsayi ya faɗa ba. Layin nan kuwa magana yake a kan inda jirgin yake kwana, da wanda yake duba abin da aka ɗaure shi da shi.

Jirgin da ke cikin tashar ajiya a jingine yake da gada, an ɗaure shi gaba da baya, ga masu gadi, ga fitila. Wanda muke magana a kansa yana can tsakiyar ruwa. An jefa katon dutsen kankare ko anga a ƙasa, an haɗa da sarƙa mai kauri da ke kwance a laka, daga ita wata sarƙar ta taso zuwa ƙwallon roba da ke yawo a sama, daga ƙwallon kuma igiya ta kama hancin jirgi. Ta wuri ɗaya kawai aka riƙe shi, don haka yini yake yana kewayawa kamar rago a turke, iska ta juya shi nan, igiyar ruwa ta mayar da shi can. Ajiya ce mai araha, shi ya sa ake son ta. Ga kamfanin inshora kuwa, jirgi ne da ke rataye a jerin ƙarafa da ke cikin ruwan gishiri dare da rana, ba mai ganin su, kuma idan ɗaya ya karye shi ke nan. Kai da ke zaune a Nasarawa ko Gwale, tafiyar kusan kilomita 1,000 tsakaninka da Legas, kana cikin waɗanda za su ji labari a ƙarshe.

Fara da turken, kafin ka nemi farashi

Kafin ka kira kowane kamfani, tattara amsar tambayoyin da za su yi maka. Turken na waye? Idan na kulob ɗin masu jiragen ruwa ne ko na hukumar tashar da kake biya haya, karɓi takardar hayar ka karanta sakin da ya yi magana a kan alhaki. Yawancin irin waɗannan takardu suna cewa jirgi yana nan ne a kan kasadar mai shi. Idan kuma naka ne, kai ka sa aka jefa, to komai yana wuyanka: nauyin dutsen, kaurin sarƙa, tsawonta, da shekarar da aka saka ta.

Sai ka sa gwanin nutso ya sauka, ko a ɗago sarƙar gaba ɗaya a duba. Kada ka yarda da saƙon murya a WhatsApp mai cewa "Alhaji komai lafiya lau". Ka ce a ɗauko maka bidiyo, hannu riƙe da ma'auni a kan zoben sarƙa. Wurin da ya fi cinyewa shi ne inda sarƙar da ta taso take gogar ƙasa duk lokacin da ruwa ya cika ya janye. A nan za ka ga zoben da a sama yake da kaurin babban yatsa ya koma kamar fensir, ya yi santsi yana ƙyalli saboda guga, alhali wanda ke kusa da ƙwallo yana nan kamar sabo. Bayan shi sai maɗauran ƙarfe masu siffar kofaton doki da ke haɗa sarƙa da sarƙa. Kowanne yana da kusa mai zare, kuma dole a ɗaure kusar da waya don kada motsi ya kwance ta a hankali. Jirage da yawa sun tsinke sarƙarsu tana da ƙarfi, kusa ɗaya ce kawai ta warware. A duba majuyin da ke hana sarƙa murɗewa, a kuma duba igiyar da ta hau hancin jirgi, daidai inda take gogar ƙarfe. Mai hankali yana zura ta cikin tiyo a wurin, ya ƙara ta biyu a matsayin ko-ta-kwana.

Wanda ya yi dubawar ya ba ka rahoto a rubuce, da kwanan wata, da sa hannu, da rasiɗin abin da ya canza. Ka tambaye shi ko shi ma yana da inshorar aikinsa. Wannan takardar za ta yi maka amfani sau biyu: yanzu wajen samun farashi mai sauƙi, da kuma ranar neman diyya.

Wa zai ɗauki kasadar

Idan jirgin yana cikin Najeriya, ƙa'ida ita ce a yi masa inshora da kamfanin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi. Ba wa kamfanin ƙasar waje kasadar sai da izinin hukumar. Sunayen kamfanoni da dillalai masu lasisi suna shafinta na intanet, duba su ba ya cin minti biyar. Shawarata ka bi ta hannun dillali mai rajista da majalisar dillalan inshora ta NCRIB, kuma wanda ya taɓa yin inshorar jikin jirgi. Ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, jirgi nawa irin wannan ka taɓa yi wa, kuma ka taɓa karɓo wa wani diyya?" Ofisoshin kamfanoni da ke Kano sun fi sabawa da mota, gobara da kayan kwantena, don haka takardarka za ta wuce babban ofishi ne, kuma dillalin da ya san mutanen sashen jiragen ruwa a can shi zai hana ta kwana a tire.

Mutumin Kano ba zai wuce nan ba sai ya yi tambayar halacci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba tana ɗauke da garari, wato rashin tabbas, mai ɓata ciniki, ta halatta tsarin taimakekeniya da aka gina a kan sadaukarwa. Shi ne takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979. A nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful da Salam Takaful. Abin da za ka bincika shi ne ko sashen teku na kamfanin ya haɗa da jikin jirgin shaƙatawa, domin sau da yawa idan ka ga an rubuta "teku" a jerin ayyuka kayan kwantena ake nufi. Idan sun ce suna yi, ka nemi ganin rubutun yarjejeniyar. Takaful ya canza yadda ake tara kuɗi da yadda ake raba rarar asusu, amma sharuɗɗan turke da na sata suna nan yadda suke, kuma da su za a yi maka hukunci.

Jirgin da ke Ingila kuwa a can za a yi masa, wajen kamfanonin da sana'arsu ke nan irin su Pantaenius, GJW Direct ko Haven Knox-Johnston. Ka faɗa musu tun farko cewa mai jirgin a Najeriya yake zaune, don wasu ba sa karɓar wanda ba mazaunin ƙasar ba, wasu kuma sai an rubuta sunan mai kula da jirgin a can.

Abin da kake saye

Kashi biyu ne. Na farko shi ne ɓarnar da jirginka zai yi wa wasu, irin abin da masu mota ke kira tad-fati. Kada ka raina shi. Jirgin da ya tsinke da dare ba ya tafiya shi kaɗai, yana bi ta kan maƙwabtansa ne, kuma mai yiwuwa wanda zai daka ya ninka naka kuɗi sau goma. A Ingila hukumomin tasha da kulob-kulob sukan nemi inshorar fam miliyan 2 zuwa 3 kafin su ba ka wuri. Ka tabbata wannan kashin ya haɗa da kuɗin ɗago jirgi idan ya nutse. Hukuma za ta iya tilasta maka cire shi daga hanyar jirage, kuma kuɗin injin ɗaga kaya da gwanayen nutso yakan wuce darajar tsohon jirgi.

Na biyu shi ne jirgin kansa: jiki, inji, jigo, ƙyallen iska da na'urori. A nan akwai tambayoyi biyu masu nauyi.

Ta ɗaya, yarjejeniyar ta lissafa haɗurran da take biya ne ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa ta ce tana biyan kowace asara ta bazata in ban da abin da ta cire? A iri na farko kai ne za ka kawo hujjar cewa abin da ya faru yana cikin jerin. A na biyu, da ka nuna haɗari ne, kamfani ne zai nemo dalilin ƙin biya. Ga wanda bai ga abin da ya faru da idonsa ba, yana Kano lokacin da jirgi ya nutse a Ikoyi, iri na biyu ya fi masa nesa ba kusa ba. Sharuɗɗan da kasuwar Landan ta tsara wa jiragen shaƙatawa a 1985, Institute Yacht Clauses, waɗanda har yau ake liƙa su a yarjejeniyoyi a ƙasashe da dama, na iri na farko ne. Idan ka ga sunansu a takardarka, ka nemi cikakken rubutun.

Ta biyu, an amince da darajar jirgin tun yau, ko sai ranar asara za a ƙiyasta kuɗinsa a kasuwa? Ka nemi darajar da aka amince a rubuce. Kuma ka tuna abin da ya sami naira tun da aka bar kasuwa ta yanke farashinta a Yunin 2023: dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A ce ka rubuta naira miliyan 40 kafin wannan lokacin, ba ka sake dubawa ba. Kayan gyaran jirgi kusan duk daga waje suke zuwa, don haka kuɗin da a da zai sayi jirgin yanzu da kyar zai sauya inji. Duk sabuntawa ka gyara adadin, ka kuma tambaya ko za a iya rubuta darajar da dala. Idan jirgin ya kwana biyu za su nemi rahoton safiyon jiragen ruwa. Duk gyaran da ya rubuta a yi, ka yi shi cikin wa'adin, don yakan zama sharaɗi.

Sakin turke: karanta shi da biro a hannu

Nan ne zan daɗe, don nan ake faɗuwa. Nemi duk inda takardar ta ambaci wurin ajiya, ka ja layi.

Wuri. Dole a rubuta ainihin inda turken yake, kuma a rubuta cewa turke ne na tsakiyar ruwa. Idan fom ya ce "a kulob" kawai, kamfani zai iya cewa shi ya ɗauka a jikin gada jirgin yake. Idan ka sauya wuri ko da na wata ɗaya ne, ka sanar a rubuce kafin a matsar.

Lokaci. A Ingila yawancin kamfanoni suna yarda da irin wannan ajiya daga wajen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, bayan nan sai a fito da jirgi tudu ko a kai shi tasha saboda guguwar hunturu. Jirgin da ya ƙara mako ɗaya a ruwa bayan ranar da aka rubuta, ba tare da an nemi ƙari ba, zai iya zama ba shi da inshora a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Legas ba ta da hunturu, amma tana da nata: iska mai ƙarfi da ke zuwa farat ɗaya a farkon damina, ruwa mai gudu a mashigar teku, igiyar da jiragen fasinja ke tayarwa duk yini, da kainuwar da ke cika ruwan a ƙarshen shekara, ta taru a gaban jirgi ta ƙara wa sarƙa nauyin ja. Idan an kwafo yarjejeniyar daga ta Turai, ka duba kada a bar maka watannin da ba su da ma'ana a nan. A Tiga matsalar ita ce hawa da saukar ruwa tsakanin damina da rani: sarƙar da ta isa a Afrilu za ta iya yin gajarta a Satumba.

Dubawa. Sharaɗin da aka fi sakawa shi ne ƙwararre ya duba turken aƙalla sau ɗaya a shekara, a ajiye shaida. Ka tambaya wa suke ɗauka a matsayin ƙwararre, su ba ka amsa a rubuce. Yaron jirginka, komai iya nutsonsa, ba lallai su karɓe shi ba.

Barin jirgi ba kowa. Wasu takardu suna cewa a leƙa jirgin duk bayan kwanaki kaza. Sharuɗɗan 1985 kuma sun ce jirgi mai gudun da ya wuce not 17, wato kusan kilomita 31 a awa, sai an yi masa tanadi na musamman, kuma a ƙarƙashin tanadin ba a biyan asarar da ta faru lokacin da aka bar shi ɗaure ba kowa a gaban gaɓar da ba ta da kariya. Mai jirgin gudu da ke barin sa a bakin rairayi ya tafi cin abinci, da shi ake.

Sai babbar tambaya, wadda nake so ka aika wa dillali ita da kalmominka, ya dawo maka da amsa a takarda mai tambarin kamfani: idan tsatsa ta cinye sarƙa ta tsinke, jirgi ya bugi dutse, za ku biya gyaran jirgin? Kowace inshora tana cire tsufa da tsatsa da lalacewar sannu a hankali. Wasu kamfanoni ƙarfen da ya ruɓe kawai suke ƙin biya, su biya ɓarnar da ta biyo baya. Wasu kuma duka suke ƙi. Bambancin farashi tsakanin biyun ƙalilan ne idan ka auna shi da kuɗin jirgi, kuma ni a ganina wannan amsar kaɗai ta isa ta sa ka bar mai araha ka ɗauki mai tsada. Haka za ka tambaya a kan ruwan sama: idan batir ya mutu, famfon kwashe ruwa ya tsaya, ruwa ya taru har jirgi ya nutse, haɗari ne a wurinsu ko sakaci? Jirgin tsakiyar ruwa ba shi da wutar tasha, don haka farantin sola da batir mai kyau suna cikin kayan tsaronsa.

Dalilin wannan naci yana cikin tarihin doka. Dokar inshorar teku ta Ingila ta 1906, wadda Najeriya ta kwaikwaya a 1961, ta ce irin wannan sharaɗi dole a cika shi daidai, ko yana da alaƙa da asarar ko babu. Ingila ta sassauta da dokar 2015, Najeriya kuma ta haɗe dokokin inshorarta cikin sabuwa a 2025. Sharuɗɗan 1985 da kansu sun ce dokar Ingila ke hukunta su, don haka ka duba wace doka da wace kotu takardarka ta ambata. Ko wacce ce, gara ka cika sharaɗin da ka dogara da lauya.

Sata, da mutumin da ka bar wa jirgi

Ɓarawo a kwalekwale yake zuwa, kuma injin da ake ratayawa a baya yake nema. Ana biyan satarsa ne idan an kulle shi da makulli na musamman bayan maɗaurinsa na yau da kullum, kuma lambarsa tana cikin takarda. Kayan ciki sai an ga alamar fasa ƙofa. Injin da ya suɓuce ya faɗa ruwa, da ƙyallen da iska ta yaga yana buɗe, sharuɗɗan 1985 ba sa biyan su, kuma a kan ƙyalle da igiyoyi da injin baya suna iya rage har kashi ɗaya cikin uku saboda tsufa. Ƙaramin kwalekwalen da kake shiga ka isa jirgin ma a rubuta shi, da sunan jirgin a jikinsa.

Maganar mai kula da jirgi tana da ɗaci amma dole a yi ta. Inshorar shaƙatawa ba ta ɗaukar haya. Idan wanda ka bar wa makulli yana kwasar mutane zuwa bakin rairayin Tarkwa Bay ranar Lahadi yana karɓar kuɗi, aka yi haɗari, za ka tsinci kanka da jirgi a ƙasan ruwa, da iyalan mutane a ƙofarka, kamfani kuma ya zare hannu. Ka rubuta sunayen waɗanda aka yarda su tuƙa, ka sa na'urar bin sawu da za ta turo maka saƙo a waya da zarar jirgi ya fita daga da'irarsa. Ita ce kuma za ta tashe ka idan sarƙa ta tsinke da tsakar dare. Idan mai gadi yana kwana a ciki, ka faɗa wa kamfani, don mayar da jirgi wurin zama yana bukatar amincewarsu. Raunin da ma'aikacinka zai ji a bakin aiki ba ya cikin wannan inshorar, wannan yana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da asusun NSITF ke gudanarwa.

Kwatanta, biya, ajiye

Karɓi tayi daga kamfanoni uku a kan bayani iri ɗaya. Bayan kuɗin shekara, duba kason da kai za ka fara biya daga aljihunka a kowace asara, don wasu suna ninka shi idan abin ya faru a turke. Duba iyakar inda aka yarda jirgin ya je: cikin tafkin Legas kawai, ko har fita teku, kuma nisa nawa daga gaɓa. Yaƙi da tarzoma a cire suke sai ka saye su daban. A fom ka faɗi gaskiya dukanta, har tsohon haɗari da cewa kai ba mazaunin garin ba ne. Rajistar jirgin da hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da abin da takwararta ta jihar Legas, LASWA, ke nema, su kasance a kammale.

A Najeriya ƙa'idar ita ce ba biya, ba inshora. Alkawarin "zan turo bayan sallah" ba ya kare jirgi ko na awa ɗaya. Biya ta banki cikin asusun kamfani ko na dillali mai rajista, ka karɓi rasiɗi da cikakkiyar yarjejeniya, ba shafin farko kawai ba. Ɗauki hotonta da na rahoton turke ka ajiye a waya, ka tura wa mai kula da jirgi kwafi tare da lambar da ake kira idan abu ya faru.

Ranar da aka kira ka, abu na farko shi ne rayuka, sannan a hana ɓarna ƙaruwa, don yarjejeniya ta ɗora maka wannan kuma tana mayar da kuɗin da aka kashe bisa hankali. Sanar da dillali a ranar, a rubuce. Kada a yi cinikin lada da wanda ya jawo jirgin, kada kuma a amsa laifi ga mai jirgin da aka buga, sai kamfani ya sa baki. Idan sata ce a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takarda. Ka ce wa yaronka ya ɗauko guntun sarƙar ko maɗaurin da ya karye ya adana shi yadda yake, kada ya kankare tsatsar, don safiyon kamfani shi zai fara nema. Idan an ƙi biya kuma kana ganin an zalunce ka, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma za su nemi yarjejeniyar, da rasiɗin biya, da wasiƙar da kamfani ya rubuta dalilin ƙinsa.